Paavo Nurmi, Gwanin Gudun Da Ya Yi Shirinsa Cikin Ƙanƙara

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk malamin da ya taɓa kai yaransa filin wasannin makarantu ya ga gaskiyar wannan magana da idonsa, don ba a rasa yaron da zai fita kamar barewa a kewayen farko, kafin a kai na uku ya dafe ciki ya koma gefe yana haki. Irin wannan yaro sau da yawa ba ya rasa sauri, shiri ne bai samu ba. Saboda haka mu ka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu labarin wani mutumin ƙasar Finlan, sunansa Paavo Nurmi, wanda a zamaninsa babu kamarsa a duniya wajen gudun dogon zango. Abin lura a labarinsa shi ne, nasarorin da ya ci da rana tsaka a gaban dubban mutane, cikin sanyi da duhu ya yi aikinsu, watanni kafin ranar gasa.

Ƙasarsa Da Asalinsa

Finlan tana can arewacin Turai, tsakanin Suwidin da Rasha. Lokacin sanyinsu ya kan faɗo daidai da hunturunmu, amma ya fi shi tsawo da tsanani nesa ba kusa ba. Ruwa ya kan daskare a tabki har mutum ya taka ya wuce, ƙanƙara mai laushi kamar auduga ta rufe hanyoyi da gonaki. A watan Disamba, a garin Turku inda a ka haifi Nurmi, hasken rana ba ya cika sa'a shida a yini. Ma'aikaci ya fita aiki da duhu, ya komo da duhu.

An haife shi ran 13 ga Yuni, 1897, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Rasha, don ba ta sami mulkin kanta ba sai a watan Disamba na 1917. Ubansa kafinta ne, talaka. Tun yana ƙarami a ka lura yaron yana da ƙafa, don yana ɗan shekara 11 ya gudu mita 1,500, watau kusan mil guda, cikin minti 5 da sakan 2. Amma a 1910 uban ya mutu, bayan shekara guda wata ƙanwarsa ta bi shi. Gida ya shiga wahala har su ka ba da hayar ɗakin girkinsu ga waɗansu, su ka tattaru a ɗaki ɗaya. Ko da ya ke yaron yana da ƙoƙari a aji, tilas ya bar makaranta ya zama ɗan aike a wani gidan burodi. Aikinsa shi ne tura amalanke cike da kaya bisa hanyoyin Turku masu hawa da gangara. Daga baya shi da kansa ya danganta ƙarfin bayansa da na ƙafafunsa ga wannan turin amalanke.

A 1912 a ka yi wasannin Olimfik a Stockholm, babban birnin Suwidin. Waɗannan wasanni su ne taron da ƙasashen duniya su kan yi bayan shekara huɗu huɗu don gwada gwanayensu. A can wani ɗan Finlan mai suna Hannes Kolehmainen ya ci lambar zinariya uku a gudun nesa. Ƙasar duka ta ɗauka, don mutanen da ba su da tuta tasu sun ga an ambaci sunansu a duniya. Nurmi yana ɗan shekara 15 a lokacin. Bayan 'yan kwanaki ya sayi takalmin gudunsa na farko.

Yadda Ya Ke Cin Moriyar Sanyi

A wancan zamani yawancin masu gudu su kan ɗauki wasan a matsayin aikin 'yan watanni. In sanyi ya shigo sai a rataye takalmi, sai ƙanƙara ta narke a komo a fara daga tushe. Nurmi bai yarda jikinsa ya yi wannan dogon zama ba. Da farko abin da ya ke yi shi ne, lokacin ɗumi ya yi ta gudu cikin dazuzzuka da gonaki, lokacin sanyi kuwa ya ɗaura waɗansu dogayen katakai a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya yi ta zamewa bisa ƙanƙara zango mai nisa. Wannan tafiya ce da mutanen ƙasar su ka gada, tana kuma sa zuciya da huhu aiki kamar yadda gudu ya ke sa su. A 1914 ya shiga ƙungiyar wasanni ta garinsu, ya ci gasarsa ta farko a mita 3,000. Bayan shekara biyu ya gyara tsarinsa, ya ƙara doguwar tafiya a ƙasa, da gajeren gudu mai sauri, da motsa gaɓoɓi.

Doguwar tafiyar nan ita ce ta zama ginshiƙin aikinsa na sanyi. Hikimar abin a fili ta ke. Hanyar da ƙanƙara ta daskare a kai tana da santsi, mai sauri a kanta yana neman karaya. Iska mai tsananin sanyi kuma tana ƙona maƙogwaron mai haki. Amma mai tafiya da ƙarfi, sa'a bayan sa'a, yana ƙarfafa jijiyoyin ƙafa da gwiwa da agara ba tare da ya dake su ba. Zuciya da huhu su kan saba da wahala cikin 'yan makonni, jijiya da ƙashi kuwa sai a hankali, cikin watanni. Wanda ya bi ƙarfin numfashinsa kaɗai ya ƙara nisa da gaggawa, ƙafarsa ce za ta fara ba shi kunya. Nurmi ya kan shafe lokacin sanyi yana wannan shimfiɗa, in hanya ta buɗe sai ya ɗora gudu a kai, kaɗan kaɗan, sa'an nan ya ɗora sauri daga ƙarshe. Maginin da ya san aikinsa ma haka ya ke yi, ya kan bar sahun tubali ya sha iska kafin ya aza wani.

A watan Afrilu na 1919 ya shiga aikin soja, kamar yadda dokar ƙasarsu ta ɗora wa samari. A can ne manya su ka fara lura da shi. In an fitar da su doguwar tafiya, sauran suna maci, shi kuwa ya gudu zangon duka da bindiga a kafaɗa da jaka cike da yashi a baya. Ya kan sa manyan takalman soja masu ƙarfe don ƙafafunsa su saba da nauyi. Har ya kan kama bayan jirgin ƙasa ya bi shi da gudu don takunsa ya ƙara faɗi. Wannan na ƙarshe dai ba abin da za a nuna wa yaro ba ne, mun faɗe shi ne don a ga iyakar naciyar mutumin.

Kayen Da Ya Zama Darasi

A 1920 a ka tura shi Olimfik na Antwerp, ƙasar Beljiyam. Gasarsa ta farko ita ce ta mita 5,000, mil uku da ɗan ƙari. Ya jagoranci tseren, amma dab da ƙarshe wani Bafaranshe mai suna Joseph Guillemot ya zo ya wuce shi. Nurmi ya rama a mita 10,000, ya kuma ci gudun daji, shi kaɗai da kuma tare da ƙungiyar ƙasarsa. Ya koma gida da zinariya uku da azurfa ɗaya. Albarkacin wannan a ka sa wa gidan uwarsa lantarki da ruwan famfo, shi kuma ya sami taimakon karatu a makarantar koyon sana'a ta Helsinki.

Wani da ya sami zinariya uku da sai ya manta da azurfar. Nurmi ita ya zauna yana tunani a kai. Ya gane cewa ya bar abokan tsere su ne ke yanka masa sauri, ya kashe ƙarfinsa inda bai kamata ba. Daga nan ya fara gudu da agogon awo a hannu, a wurin koyo har da wurin gasa. Ya kan lissafa tun a gida sakan nawa ya kamata kowane kewaye ya ci, ya riƙe wannan awo, ko an wuce shi ko an bar shi a baya. Akawun da ya iya kasafta albashinsa bisa kwana talatin ya san wannan ilmi, haka kuma wanda ya kan cinye nasa a makon farko ya san sakamakon rashinsa.

Amfanin abin bai daɗe ba ya bayyana. A 1921 a Stockholm ya gudu mita 10,000 cikin minti 30 da sakan 40 da ɗigo 2, awon da babu wanda ya taɓa kaiwa a duniya kafinsa. A 1923 ya gudu mil guda cikin minti 4 da sakan 10 da ɗigo 4, shi ma sabon awon duniya.

Kwana Huɗu A Faris

A farkon 1924 ya ji ciwo a gwiwa, har a ka yi tsoron ba zai je Olimfik na Faris ba. Ya yi haƙuri ya warke, ya koma koyo sau biyu a yini. Sai kuma labari ya zo cewa masu tsara wasannin sun sa ƙarshen gasar mita 1,500 da ta mita 5,000 rana ɗaya, kusan a jere. Maimakon ya yi ƙorafi ya zauna, sai ya gwada abin a gida. Ran 19 ga Yuni a Helsinki ya gudu zangunan biyu a jere da ɗan hutu a tsakani, ya kafa sabon awon duniya a kowannensu.

Ran 10 ga Yuli a Faris ya ci mita 1,500. Hutun da ya samu bai wuce sa'a guda ba, ya koma fili ya ci mita 5,000, ya tsere wa ɗan ƙasarsu Ville Ritola da taku kaɗan. Bayan kwana biyu a ka yi gudun daji na fiye da mita 10,000, ranar kuwa zafi ya kai digiri 45, irin wanda mu kan gani da tsakar bazara. Mutum 38 su ka tashi, 15 kaɗai su ka kai ƙarshe. Waɗansu sun faɗi a hanya, waɗansu a ka ɗauke su a makara ta asibiti. Nurmi ya iso ya bar Ritola, wanda ya zo na biyu, da kusan minti ɗaya da rabi. Abin da ya faru ran nan ya sa a ka cire gudun daji daga Olimfik. Kashegari ya sake fita ya jagoranci ƙungiyar ƙasarsa ta ci mita 3,000. Zinariya biyar ke nan a taro ɗaya.

Jama'a, a duba wannan da kyau. Mutumin da ya fi kowa jure zafin Faris daga ƙasar ƙanƙara ya fito. Jikin da a ka gina sannu a hankali cikin watanni masu yawa yana da ajiyar da zai ciro ranar wahala, ko wahalar ta sanyi ce ko ta zafi. Agogonsa kuma ya hana shi ɓarnar ƙarfi tun da wuri, ranar da ɓarnar ƙarfi ta kai waɗansu asibiti.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai a Faris. Shugabannin wasanni na ƙasarsu sun hana shi shiga mita 10,000, su ka bar wa Ritola, wanda ya ci ya kuma kafa sabon awo. Da Nurmi ya koma gida, ran 31 ga Agusta a garin Kuopio, ya gudu wannan zango cikin minti 30 da sakan 6 da ɗigo 2. In an kasa wannan bisa fili mai kewayen mita 400, kewaye 25 ke nan, kowanne sakan 72 da ɗan ɗoriya. Awon ya yi kusan shekara 13 ba a karya shi ba.

Sanyin Da Bai Yi Shimfiɗa Ba

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma gudun ma yana da iyaka. Da sunansa ya cika duniya, mutanen Amurka su ka gayyace shi. Ya fara ran 6 ga Janairu, 1925, a birnin New York, cikin wata biyar ya shiga gasa 55, guda 45 daga ciki a manyan zauruka masu rufi, bisa daɓen katako. Ya ci 51. Jaridu su ka yi ta yabo, jama'a su ka yi ta cika wuri.

To, amma a lura da watannin. Lokacin da ya saba yin tafiyarsa ta shimfiɗa a dazuzzukan ƙasarsu, shi ne ya ƙarar yana tsere daga gari zuwa gari. Ya ci ajiyarsa bai zuba wata ba. Bayan ya komo sai ciwon sanyin ƙashi da ciwon agara su ka fara damunsa. A 1926 a Berlin wani Bajamushe, Otto Peltzer, ya kayar da shi a mita 1,500, zangon da a ke ganin nasa ne. Daga nan ya riƙa karkata zuwa zanguna masu nisa. A Olimfik na Amsterdam, 1928, ya ci mita 10,000, amma Ritola ya kayar da shi a mita 5,000, wani ɗan ƙasarsu Toivo Loukola kuma ya kayar da shi a gudun tsallake shinge da ruwa. Duk da haka a watan Oktoba na shekarar ya nuna sauran ƙarfinsa a Berlin, inda ya gudu mita 19,210 cikin sa'a guda, kusan mil 12. Wannan awo ya tsaya har 1945.

Burinsa na ƙarshe shi ne ya rufe da gudun marato, mai nisan mil 26 da 'yan kai, a Olimfik na Los Angeles, 1932, kamar yadda Kolehmainen ya ci shi a 1920. Ya yi shiri, ya je har can. Amma dokar lokacin ta hana wanda ya karɓi kuɗi don gudu shiga Olimfik, an kuwa zarge shi da karɓar abin da ya wuce kuɗin tafiya a waɗansu gasanni. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya, ƙarƙashin shugabanta Sigfrid Edström, mutumin Suwidin, ta hana shi 'yan kwanaki kafin a fara. Mutanen Finlan su ka ji zafin abin ƙwarai, har gasar da su kan yi da Suwidin ba ta komo ba sai 1939. A 1934 a ka tabbatar da hukuncin, Nurmi ya aje gudu. Ya bar fili da zinariya 9 da azurfa 3 na Olimfik, da awon duniya 22 da hukuma ta amince da su. Cikin shekara 14 da ya yi yana gasa, ba a taɓa kayar da shi a mita 10,000 ko gudun daji ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Mutum ne mai shiru, ba ya son taro, ba ya sakin fuska ga 'yan jarida. Ya yi aure a 1932, a ka haifa masa ɗa namiji, auren bai daɗe ba ya mutu. Ya buɗe kantin tufafin maza a Helsinki, ya shiga sana'ar gina gidaje, ya yi dukiya mai yawa da irin lissafin nan nasa. A 1940, da yaƙi ya auku tsakanin ƙasarsa da Rasha, ya koma Amurka tare da wani matashin mai gudu, Taisto Mäki, don tara wa mutanensa gudummawa.

A 1952 Olimfik ya zo Helsinki. Ranar buɗewa, ba a sanar da wanda zai shigo da wutar wasannin ba, sai ga wani dattijo mai sanƙo, ɗan shekara 55, ya shigo fili da gudu riƙe da ita. Jama'a su ka gane takun tun kafin su ga fuskar, wuri ya ruɗe da sowa. Kolehmainen, wanda ya sa shi sayen takalmi shekara 40 da su ka wuce, shi ya kunna wutar bisa hasumiya. Wannan taro shi ne Olimfik na farko da Nijeriya ta aika da 'yan wasa, su tara.

Da tsufa ya kama shi ya yi fama da ciwon zuciya da shanyewar jiki da raunin gani. A 1968 ya kafa gidauniya da dukiyarsa don binciken cututtukan zuciya. Ya mutu a Helsinki ran 2 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 76. Gwamnati ta yi masa jana'iza ta girmamawa, shugaban ƙasa Urho Kekkonen ya halarta, a ka kai shi Turku a ka binne. A cikin watan nan ne kuma Abebe Bikila na Habasha ya mutu, wanda ya ci marato ba takalmi a Rum a 1960, wanda kuma malaminsa Onni Niskanen haifaffen Helsinki ne.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mu Allah bai jarrabe mu da ƙanƙara ba. Hunturunmu, in an iya da shi, shi ne lokacin da ya fi kowane dacewa da wannan shimfiɗa, don an gama kaka, ƙasa ta bushe, safiya da sanyi, yaro zai yi nisa bai galabaita ba. Kuma yaranmu na ƙauye, irin na Babban Duhu da Runka da Ruma da sauran garuruwan Safana da Batsari, sun riga sun sami abin da Nurmi ya samu wajen turin amalanke. Wanda ya tashi yana zuwa gona da kiwo da ɗebo ruwa a ƙasa yana da ƙafar da ɗan birni zai yi shekara yana nema. Abin da ya rage shi ne malamin da zai tsara masa.

Tsarin kuwa ba mai wuya ba ne. A fara da ɗan zango wanda yaro zai gama yana iya magana, a haɗa gudu da tafiya, a ƙara kaɗan kowane mako, a bar ranakun hutu a tsakani. Kada a nemi sauri sai nisa ya zauna. A sa yara su motsa gaɓoɓi kafin a tashi, su sa rigar sanyi da zarar an gama. Ranar da hazo ya yi kauri a rage ko a fasa, mai tari ko ciwon fuka kuwa a ɗauke masa. A kula da faso a ƙafa, a shafa mai, a sha ruwa ko da ba a ji ƙishi ba, don iskar hunturu tana busar da jiki ba a sani ba. A riƙa fita a ƙungiya, a tsaya filin makaranta da hanyoyin cikin gari, malami yana tare da su. Sa'an nan a sami littafi ɗaya da agogo ɗaya, a rubuta sunan kowane yaro da nisan da ya yi da lokacin da ya ci. Kafin bazara littafin zai nuna wa malami wanda ya kamata ya tura gasa, ya kuma nuna masa wanda a ke ɗora wa fiye da ƙarfinsa.

Muna roƙon malamai da shugabannin makarantu kada su jira sai takardar gayyata ta iso sa'an nan a tara yara a ce su yi gudu. Mako biyu ba ya gina abin da ke bukatar wata uku, sai dai ya jawo targaɗe da kunya. A fara tun sanyin bana. Allah ya ba mu ikon kula da amanar yaran da a ka danƙa mana, amin.